Tanderu da Tanduri

Wanda ya zauna cin abinci a gidan abincin halal na 'yan Pakistan, a Lahor ko a Landan, zai ga kalmar "tanduri" a jikin sunayen kaza, kifi da burodi. Asalinta "tandur" ne a harshen Urdu, wato murhun yumɓu mai zurfi da ake hura wuta a gindinsa. Urdu ta karɓe ta daga Farisanci "tanur", Larabci kuma na da "tannur", wadda ta zo a Suratu Hud cikin ƙissar Annabi Nuhu. Tsohon harshen Akkad na ƙasar Iraƙi ma yana da "tinuru". Tanderun da matan Kano ke gasa gurasa a ciki ɗan wannan dangi ne, a suna da kuma aiki.

Mai gashi yakan mari ƙullun burodin "nan" ya manna shi a bangon ciki, cikin minti biyu ya kumbura, ya zaro shi da ƙugiyar ƙarfe. Kaza kuwa sai ta jiƙa a kindirmo da kayan yaji kafin a soke ta a tsinken ƙarfe a zura. Bayan rabuwar Indiya da Pakistan a 1947, masu gashi daga Peshawar suka yaɗa kazar tanduri a Delhi.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasu gidajen ke rina kaza da jan launi, su gasa a murhun lantarki, su kira ta tanduri. Idan ka je, duba gefen naman: in babu ɗan ƙuna da ƙamshin hayaƙi, ko burodin ya iso teburinka a sanyaye, ka tambayi mai hidima ko suna da tanderun.