Basilla da Keke: Yadda Keken Ɗinki ya Shiga Sana'ar Dukanci a Ƙasar Daura

Wanda ya tsaya kallon hawan Sallar Gani a Daura, ya ga hakimai da dagatai suna shigowa da jama'arsu daga Sandamu da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa, to, ya ga aikin dukawa a bainar jama'a. Sirdi da linzami da ragama, da kuben takobi, da layun da aka rataya wa doki a wuya, duk daga hannunsu suka fito. In kuwa ya matsa kusa ya duba ɗinkin, zai tarar mafi yawan kayan dokin nan da basilla aka ɗinka su, alhali takalmin da ke ƙafar ɗan kallo da jakar da ke rataye a kafaɗarsa keke ne ya ɗinka. Keken ɗinki ya yi fiye da shekara ɗari a ƙasar Hausa. Ɗinkin tufa ya cinye shi kusan duka, ban da aikin allura na manyan riguna da huluna, amma dukanci rabi ya ci ya bar rabi. Dalilin haka yana cikin ƙirar keken kansa, da halin fata, da nisan da ke tsakanin baduku da mai gyara.

Dukanci tsohuwar sana'a ce ƙwarai. Alhasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya gama littafinsa a shekarar 1526, a ciki kuwa ya ambaci takalman da ake yi a Gobir ana kai su Tumbutu da Gawo. Bature Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya lissafa takalma da jemammun fatu cikin manyan kayan da birnin ke fitarwa. Fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi takan ƙetare Hamada a kan raƙuma, ta isa Turai ta hannun fataken Arewacin Afirka, can a yi ta kiranta fatar Maroko. Daura tana kan hanyar Kano zuwa Damagaram, garuruwa biyu da suka shahara a aikin fata, saboda haka dukawanta ba su taɓa rasa abin koyi ko kasuwa ba. Aikin a rabe yake tun asali. Majemi shi ke tuje gashi da toka, ya jeme da bagaruwa. Rini kuwa da karan dafi ake yin ja, da gangamau rawaya, da kuloko baƙi. Sa'an nan baduku ya karɓa, ya yanka da aska, ya huda da basilla, ya ɗinka.

Abin mamaki shi ne, a can ƙasar Turawa, fata aka fara nufa da keken ɗinki kafin tufa. Wani Baturen Ingila mai suna Thomas Saint ya yi rajistar zanen wani keke a 1790, wanda ke da abin huda kamar basilla, domin ɗinkin fata da tamfol. Amma keken da ya ci duniya shi ne mai zare biyu, na sama da na ƙasa, suna sarƙewa a tsakiyar abin da ake ɗinkawa. Elias Howe ya yi rajistarsa a Amurka a 1846, Isaac Singer ya fito da nasa a 1851, a 1856 kuma kamfaninsa ya ƙirƙiro sayarwa bashi ana biya kaɗan kaɗan. Kekunan Singer da suka cika ƙasashen da Ingila ta mulka daga masana'antar Kilbowie ta ƙasar Sikotilan suka fito, wadda aka buɗe wajen 1885, aka rufe a 1980. Harafin K da ake gani a jikinsu, kamar 15K da 29K da 45K, sunan wurin nan yake nufi.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa suka biyo bayansa. A lokacin Daura tana cikin Lardin Kano, sai a 1934 aka haɗa ta da Katsina, amma ta fuskar ciniki ba ta daina fuskantar Kano ba har yau. Jirgin ya yi wa dukawa abu biyu. Na farko, ya juya akalar fata: maimakon a jeme ta a nan a tura arewa, sai aka riƙa shanya ta ɗanya ana tura ta kudu zuwa Ikko, mai kyau ta tafi, ta baya ta rage wa majema. Na biyu, ya kawo keke. Sai dai keken da ya fara yaɗuwa na tufa ne, wanda ake takawa da ƙafa ko a juya da hannu, shi ne kuma ya haifi sabon mai sana'a wanda ake kira tela.

Kalmomin da suka taru a jikin keken nan suna ba da labarin hanyar da ya biyo. Sunan keke kansa Hausawa da Yarbawa sun yi tarayya a kansa, ya kuma dace da abin da ya hau daga bakin teku. Tela da feda da bel daga Turanci suke. Amma ƙoshiya da kwarkwaro, watau abin da ke ɗauke da zaren ƙasa, sunayen kayan masaƙa ne, domin mutanen da suka fara leƙa cikin keke sun ga abin da ya yi kama da saƙa, suka ba shi sunan da suka sani. Ba kalma ɗaya ta dukanci a cikin jerin. Da aka zo ga mai gyaran takalmin zamani da keke, maimakon a ce masa baduku sai aka aro masa suna daga Turanci aka ce shumeka. Harshe ya raba mutanen biyu tun kafin kasuwa ta gama raba su.

To, me ya hana baduku ɗaukar keken tela ya ci gaba da aikinsa? Da yawa sun gwada, har yanzu kuwa ana gwadawa. Keken tufa yana jan yadi ne da haƙoran da ke ƙasa, ƙafar da ke sama dannewa kurum take yi. Yadi yana sulɓi, fata kuwa tana kamawa, saboda haka in aka haɗa fata biyu sai ta ƙasa ta tafi ta bar ta sama, baki ya goce. Haƙoran kuma sukan bar tabo, jimar bagaruwa kuwa ba ta manta tabo. Allurar tufa bakinta kamar tsinke yake, tana ratsa tsakanin zaruruwan yadi ba tare da ta yanke su ba. Fata ba saƙa ba ce, ba ta da tsakanin da za a ratsa, dole sai allura mai kaifi a baki wadda ke yanka hanyarta. Babban abin kuma shi ne, tela in ya yi kuskure sai ya warware ya sāke, yadi ya rufe bakinsa, amma hudar da aka yi wa fata ta zauna ke nan. Keken tela yana iya ɗinka fatar akuya mai laushi, ta alabe ko ta ƙaramar jaka. In aka kai shi ga ƙirgi sai allura ta karye, ko zare ya riƙa tsallake, a kwana a tashi ƙarfen da ke riƙe da allura ya goce daga saitinsa.

Kekunan da aka ƙera domin fata iri iri ne, kuskuren da ya fi yawa wajen saye kuwa shi ne ɗaukarsu abu guda. Wanda aka fi gani a rumfunan shumeka shi ne 29K na Singer da takwaransa Adler na Jamus. Yana da dogon hannu siriri wanda ke shiga har cikin hancin takalmi, ƙafarsa ce ke jan fata daga sama, ana kuma juya ta ta fuskanci duk inda ake so ba tare da an juya takalmin ba. Wannan shi ne amfaninsa. Amma kwarkwaronsa ƙarami ne ainun, ba ya ɗaukar zare mai kauri, kaurin fatar da yake iyawa kuma bai wuce kwatan inci ba. Keken faci ne da gyara. Wanda ya saye shi da nufin ɗinka majayin sirdi ya ɓata kuɗinsa. Na aikin ƙirgi shi ne irin su 45K, mai nauyi ƙwarai, mai allura kamar ƙusa, wanda ke cin kusan rabin inci. Daga baya aka samu masu ƙafa biyu, waɗanda ƙafa da allura da haƙori ke tafiya tare, su ne suka fi dacewa da jakunkuna da tumtum da kujerun mota.

Baduku a Sandamu, ƙaramar hukuma ce yanzu a kudu da birnin Daura, ba ya zaɓen keke bisa ga ƙarfinsa kaɗai. Tambayar da ya kamata ya fara yi ita ce, in abu ya karye, ina za a samo shi, wa kuma zai ɗaura? Allurar keken tela ana samunta a kowace kasuwar ƙauye. Ta keken fata sai Daura, wani lokaci sai Kano, wajen Sabon Gari ko Ƙofar Wambai inda masu takalma suka taru. Keken da ya fi kowane kyau, in ƙoshiyarsa ta fashe babu irinta a Kano, ya zama ƙarfen banza. Wannan ne ya sa tsofaffin Singer suka daɗe ana gadonsu, domin an yi su da yawa, ana iya cire kayan mataccen keke a raya wani. Shi ne kuma ya buɗe wa kayan ƙasar Sin ƙofa. Bayan da darajar naira ta faɗi daga 1986, sabon keken Turai ya fi ƙarfin mai sana'ar hannu, aka koma ga na gwanjo da Butterfly, da wani ƙaramin keken faci mai ƙafa uku wanda ake juyawa da hannu. Ƙirarsa ba ta da kyan gani, sabo ma sai an goge masa kaushi kafin ya daina tsinka zare, amma ba ya bukatar lantarki, mutum kuma yana iya saɓa shi ya kai kasuwar Mai'aduwa ya dawo. Kuɗin saye kuwa yawanci daga adashi yake fitowa, ko daga sayar da tunkiya, ko maigida ya saya wa yaronsa ran da ya yaye shi.

Masu wayo ba sa zuwa ciniki hannu sake. Mutum yakan tafi da guntayen irin fatar da yake aiki da ita, da zarensa, ya ninka ta kaurin da yake bukata, ya ce a ɗinka a gabansa. Dillali yakan so ya gwada da ƙyallen da ya tanada, ko ya ɗaga kan keken ya ce a ji nauyi, alhali tsofaffin kekunan tufa ma duk baƙin ƙarfe ne masu nauyi. Sa'an nan a kama ƙarfen allura a girgiza, in yana wasa to ya ci. A 29K akwai wata alama da ba ta ɓuya: in ya tsufa takunsa yakan gajarce, ko an buɗe shi iyaka sai ya riƙa yin ɗinki ƙanana a matse. A fata wannan aibi ne babba, gama huda kusa da kusa yanka ce, takalmi yakan yage daidai kan layin ɗinkin.

Saiti shi ne inda ake gane wanda ya san keke. Ƙullin zaren sama da na ƙasa a tsakiyar fata ya kamata ya ɓuya. In ya leƙo ta ƙasa, zaren sama ya yi sako-sako, sai a ƙara matse shi. In ya leƙo ta sama, an matse shi fiye da kima. Sau da yawa kuma laifin na allura ne, ta yi wa zaren ƙanƙanta, hudar ba ta isa ƙulli ya shige ba. Fata takan riƙe allura ta biyo ta sama, daga nan zare ya tsallake, maganinsa a ƙara nauyin dannewar ƙafa, amma in aka zarce sai ƙafar ta zāna sawunta a jikin jar fata. Wanda ya sa wa kekensa injin lantarki yakan tarar gudun da ke faranta wa tela rai shi ɓarna yake yi masa, domin allura takan yi zafi ta narka zaren roba, sai an sa ƙaramar gargare a rage gudu. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ke haɗuwa da mai ta zama kamar dutsen wāshi a cikin keke. Akwai masu zuba man gyaɗa in man keke ya yanke, shi kuwa daskarewa yake yi ya riƙe kome.

Duk da haka nan, ko da an sami keken da ya dace an kuma saita shi daidai, akwai aikin da ba ya shiga ƙarƙashinsa. Sirdi itace ne aka lulluɓe da fata, ba shi da shimfiɗaɗɗen wurin da ƙafar keke za ta taka. Kube da laya a jikin abin da ke ciki ake ɗinke su. Adon da ake yi da siraran yankan fata masu launi, ana cusa su ana fitarwa, ba zare ba ne balle ƙoshiya ta ɗauka. Ɗinkin keke kuma in zare ɗaya ya tsinke yakan bi layi yana warwarewa, na hannu kuwa kowane taku an ja shi an ɗaure, mahayin da ke sukuwa a gaban Sarki ba ya son majayin da zai saki. Saboda haka aikin da ya rage wa basilla shi ne wanda ya dogara ga sarauta da malanta, watau kayan doki da gafaka da laya. Tun da Turawa suka mai da Malam Musa, na gidan sarautar Haɓe, kan gadon Daura a farkon ƙarni na 20, hawan salla ya ci gaba, a zamanin Abdurrahman da na Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007, har zuwa yau. Kowace salla kuwa sai an gyara kayan doki.

Ɓangaren da ya karɓi keke shi ne ya fi shan wuyar zamani. Takalmin kanti da na roba sun rage masa kasuwa, fatar shanu kuma ana cinye ta ganda kafin ta kai ga majemi, har ya zama abin da ke wucewa ƙarƙashin allurar shumeka a yau galibi leda ce da roba da fatar kamfani. Su kuwa waɗannan ba sa riƙe allura kamar jimar bagaruwa, keken tela ma yana iya su, shi ya sa a rumfuna da yawa za a tarar tsohon 29K a rufe da buhu a lungu, ana buɗe shi ne in an kawo takalmin da sai an shiga cikinsa.