Daga Layin Dogo Zuwa Ajin Injiniya: Ina 'Yan Matanmu Suka Tsaya?

Garinmu Gagarawa Tasha aikin injiniya ne ya raɗa masa suna, domin kuwa layin dogon da ya tashi daga Kano ya ratsa ta Ringim da Malam Madori, ya isa Nguru a 1930, shi ya kafa tasha a nan, gyaɗa da fatu suka samu hanyar fita. To amma waɗanda suka auna wannan layi baƙi ne, namu kakannin ƙarfinsu kawai aka nema. Sai bayan shekaru masu yawa 'ya'yanmu maza suka soma zuwa Zariya koyon wannan sana'a, musamman bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Mata kuwa, ko zancensu ba a yi ba.

A nan ƙasar Kano ta da, ƙofar ta fara buɗewa ne a 1977, lokacin da gwamnati ta kafa hukumar makarantun sakandare na kimiyya, aka fara da Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, dukkansu na maza. A farkon shekarun 1980 aka buɗe ta 'yan mata a Taura, nan kusa da mu, daga baya aka ƙara ta Jahun. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, waɗannan makarantu biyu sai suka faɗo cikin rabonmu. Wannan ba ƙaramin gado ba ne, kuma ban ga muna yawan tunawa da shi ba.

Sai dai fa akwai abin dubawa. Hujjar da aka riƙa kawo wa iyaye don su saki 'ya'yansu ita ce, muna bukatar likitoci mata da ungozomomi waɗanda za su duba matanmu. Hujja ce mai ƙarfi, kuma ta yi aiki. Amma ita ce kuma ta shata iyaka, har ya zamana yarinya in ta iya lissafi da kimiyya, kowa asibiti yake hango mata, daga malami har mai neman aurenta. A ajinmu ma haka aka yi. Waɗanda suka fi mu iya lissafi cikin 'yan mata, in ba su samu gurbin likita ba, sai koyarwa ko ɗakin miji. Ba na raina ko ɗaya daga ciki, amma ba wanda ya taɓa ce musu akwai hanya ta uku.

A Kudu kuwa matan da kansu suka tashi. Injiniya Joanna Maduka ita ta jagoranci kafa ƙungiyar ƙwararrun mata injiniyoyi ta Nijeriya, wato APWEN, a 1982, a matsayin reshe na ƙungiyar injiniyoyi ta ƙasa, NSE, wadda aka kafa tun 1958. Ita wannan baiwar Allah ta zama mace ta farko da ta shugabanci Cibiyar Manyan Injiniyoyi ta Nijeriya a 2016, ita kuwa NSE sai a 2024 ta samu shugaba mace, Injiniya Margaret Oguntala, bayan shekara 66 da kafuwa. A 2018 APWEN, da haɗin gwiwar NNPC, ta ƙaddamar da wani shiri a Misau ta Jihar Bauci, inda ake zaƙulo 'yan mata tun daga firamare a ɗauki nauyin karatunsu don su zama injiniyoyi.

Abin da waɗannan mata suka gane, wanda mu ma'aikatan gwamnati kan manta, shi ne kuɗin makaranta kaɗai ba ya yin injiniya. Karatun shekara 5 ne a jami'a, a cikinsa akwai watannin koyon aiki a masana'anta, wanda ake kira SIWES, sannan bautar ƙasa, sannan wasu shekaru ƙarƙashin gogaggen injiniya kafin hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ta yi wa mutum rajista. A waɗannan gaɓoɓi ne 'yar ƙauye kan faɗi. Wane uba ne a Sule Tankarkar zai bar 'yarsa ta yi wata 6 a wata masana'anta a Sharaɗa ko Bompai, alhali bai san inda za ta kwana ba? Hukumar ba da tallafin karatu ta jiha ba ta nema wa kowa masauki, asusun PTDF da aka kafa a 1973 shi ma haka.

Yanzu dai uzurin nisa ya ragu. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil tun 2001, ga Kwalejin Husaini Adamu a Kazaure, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ɓaɓura a 2021. A wannan shekarar ce aka aza harsashin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai reshe zuwa Dutse.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu, a taron da ke tafe a tattara sunayen 'yan'uwanmu injiniyoyi da ke aiki a Kano da Dutse da Kaduna, tare da waɗanda iyalinsu za su iya sauke ɗaliba a gida na tsawon wata 6, a miƙa wa shugabannin makarantun Taura da Jahun kafin lokacin cike takardar JAMB.