Ɗalibin da ya tafi neman maganin zazzaɓi ya dawo da rini

Jiya a masallacin makaranta wani ƙanenmu ɗan aji ɗaya ya ce min zai sake rubuta JAMB. Wai kwas ɗin da aka ba shi na kimiyyar saƙa da rini ne, mutanen gida kuma sai tsiya suke masa: "Rinin ne sai ka je Kudu za ka koya?" Kafin in ba shi amsa aka tayar da sallah, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

A 1856 akwai wani yaro a Landan, William Perkin, shekararsa 18, yana karatu a Royal College of Chemistry. Malaminsa Hofmann, Bajamushe, burinsa a haɗa kwinin a ɗakin gwaji, don a lokacin daga ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka ake samunsa, ga zazzaɓin cizon sauro yana ta kashe Turawa a ƙasashen da suke mamaya. Da aka yi hutun Ista yaron ya koma gida ya ci gaba da gwaji da anilin, wani sinadari da ake cirowa daga kwaltar kwal. Kwinin bai fito ba. Wani baƙin dagwalo ne ya kwanta a gindin kwalba. Duk wanda ya taɓa shiga firatikal ya san yadda muke yi da irin wannan: a zubar, a kwafi sakamakon na kusa. Shi da ya zuba masa barasar gwaji sai ya ga ruwan ya koma shunayya. Ya tsoma siliki, launin ya kama, wanki bai fitar da shi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya yi bayan nan. Ya aika samfuri ga wasu masu rini a garin Perth na Sikotilan, ya yi rajistar mallakar abin a watan Agusta na shekarar, ya bar makaranta duk da Hofmann bai so ba. (Ban ce kowa ya kwaikwayi wannan ba fa.) A 1857 shi da mahaifinsa da wansa suka kafa masana'anta a Greenford. Kafin ya kai shekara 40 ya sayar da ita ya koma bincike.

To ina ruwanmu? Shekara biyar kafin wannan, a 1851, Heinrich Barth ya shiga Kano ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a can suna kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Karofin Ƙofar Mata tun 1498 ake lissafa shi. Amma ƙofar da Perkin ya buɗe Jamusawa ne suka shige ta da gudu. Adolf von Baeyer ya haɗa shuni a ɗakin gwaji, a 1897 kamfanin BASF ya fara sayar da shi, kafin yaƙin duniya na ɗaya noman baba a Indiya ya durƙushe. Mu ma a hankali garin rini na gwangwani ya iso kasuwanninmu.

Kakana marini ne a Kura. Ina yaro nakan ga ya ɗago zane daga rijiya kore shar, kafin ya gama girgiza shi ya koma shuɗi. Sai a aji uku na gane dalili. Shuni ba ya narkewa a ruwa. Toka da katsi suna gyara ruwan, ƙwayoyin halitta masu ruɓar da baba su mayar da shunin mai narkewa har ya shiga zare, iska na taɓa shi ya koma yadda yake ya maƙale a ciki. Abin da muke yi da soda da haidiro cikin 'yan mintuna, kuma da su na ga masu adire suna aiki a Itoku nan Abeokuta, shi tsohon nan yake yi cikin kwanaki, da hanci yake gane rijiya ta nuna. Bai rubuta ko layi ɗaya ba, ya rasu ina sakandare.

Furojet ɗina na aji huɗu a kan ruwan karofi ne, malamina ya amince. Duk wanda zai je gida hutun nan ta wajen Kano, don Allah ya taho min da busasshen baba da katsi ko ƙulli ɗaya ne. Ƙanen nan kuma ya same ni bayan la'asar, zan nuna masa kwalaben da na riga na jiƙa.