Buhun Yashi a Ƙasar Shinkafa

A farkon shekarar 1824, zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, Baturen nan Kyaftin Klapaton ya ba da wuri 2,000 don a yi masa dambe ya gani. Abin da ya rubuta a littafin tafiyarsa da abokansa da ya fito a 1826 yana cikin tsofaffin bayanan damben Hausa da aka rubuta, kuma duk wanda ya saba zuwa gidan dambe zai gane wurin. Mahautan gari ne suka rako 'yan damben da makaɗa, aka watsa wa 'yan kallo ƙura don su ja da baya fili ya buɗe, sannan aka naɗe wa kowane ɗan dambe hannun dama da siririn saƙi, daga ɗan yatsan tsakiya zuwa dunƙulen hannu, zuwa wuyan hannu, har damtse. Klapaton wasa ya kalla, bai je inda ake koyo ba, don haka shirunsa a kan kayan atisaye ba hujja ba ce. Hujjar tana cikin sunayen 'yan damben kansu. Har gobe za ka ji Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, Garkuwan wane. Kowane suna yana nuna mutumin da aka tsaya a bayansa aka koya. Dambe sana'a ce da ake ɗauka daga jikin mutum mai motsi, kuma buhun yashin da samari ke ratayewa yanzu a reshen dalbejiya yana da amfani ne gwargwadon yadda mai dukansa ya tuna da haka.

Abu biyu ne ke ƙera ɗan dambe a da: lokaci da abokin karo. Bayan kaka, an kai gero da dawa rumbu, sai a shiga watannin da gona ba ta neman kowa. A lokacin ne 'yan dambe, akasarinsu daga gidajen mahauta, ke bin garuruwa da kalangu, ana kirari, ana sa zare. Yaro kuwa a dandali yake farawa, da farin wata, da sa'anninsa, ya naɗa tsumma a hannu, ya sha duka har ya gane inda ake tsayawa. Ƙarfin damtse aiki ne ke ba shi, ko kayar da sa a mahauta ko huɗa da garma. Abin da dandali ke koyarwa shi ne awo: yadda ake miƙa hannun garkuwa a buɗe a auna tazara, a tokare, a rufe wa abokin karo ido, alhali hannun da aka naɗe yana can baya a ɗane yana jiran dama ɗaya. Da ya sauka daidai, mutum ya kai ƙasa, an yi kisa, magana ta ƙare. Waƙar da makaɗi Ɗan Anace ya yi wa ɗan dambe Shago ta rayu ne a cikin mutanen da suka san darajar wannan naushi guda.

A Kura da Bunkure ne mutum zai fi ganin yadda wancan lokaci ya ɓace. Kura tsohon gari ne na marina, wanda rawaninsa mai sheƙi, ɗan Kura, ya yi suna har cikin Buzaye, kuma kamar sauran ƙasar Kano a da noman damina ne abincinsa. Sai gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga a kan kogin Kano, aka kammala ta a 1974, aka ja ruwa ta manyan magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Daga baya aikin ya koma hannun hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976. An tsara kashin farko ya kai kadada dubu 22, ko da yake abin da aka shimfiɗa bai kai haka ba. Arziki ya shigo, amma da sharaɗinsa. Ana girbe shinkafar damina sai a juya ƙasar a shuka alkama, a dasa tumatir da albasa, kuma kafin a gama kwashe kwanduna zuwa kasuwar Kwanar Gafan wani ya fara shirin masara ko shinkafar rani. Watannin da kakansa ke yawon dambe, saurayin yau yana cikin fangali da tsakar dare yana jiran rabonsa na ruwa, ko yana dakon buhu a injin casa. Wani zai ce ai ba ruwan Tiga ne ya canza dambe ba, birni ne da kuɗi, tunda ko a ƙauyukan da ba su taɓa ganin noman rani ba wasan ya koma gidajen da ake yankar tikiti, irin na Ado Bayero Square a Sabon Garin Kano ko na Ali Zuma a Dei-Dei, inda ake dambatawa rani da damina tsakanin ɓangarorin 'yan dambe na Kudu da Jamus da Guramada. Wannan gaskiya ne, kuma ban ce magudanar ruwa ce kaɗai sanadi ba. Abin da na ce shi ne, birni ya buɗe kasuwar da ke son ɗan dambe a shirye duk shekara, noman rani kuma ya cinye lokacin da ake taruwa a shirya shi. Mai sha'awa ya rage shi kaɗai, da rabin sa'a bayan la'asar. Buhu shi ne abokin karon da ba ya cewa yana da ban-ruwa.

Shi kansa buhun tsohon abu ne. 'Yan damben Girka na dā suna dukan jakar fata da aka cika da yashi ko gari. Amma wanda ya zo mana ya biyo damben boksin ne, mai safar hannu biyu da dokokin da aka buga a Ingila a 1867, wanda ya shiga Nijeriya ta makarantu da barikin soja da na 'yan sanda, ya kuma samu farin jini bayan Hogan Bassey ya ci kambun duniya a 1957, Dick Tiger ya biyo baya a 1962. Yadda ake dukan buhu a bidiyon da samari ke kallo a waya an gina shi ne don wannan wasan: hannu biyu, naushi uku ko huɗu a jere, kusa da kusa, turmi na minti uku da hutun minti ɗaya.

A nan ne matsalar take. Ɗan damben gargajiya da ya kwaikwayi wannan salo yana koya wa jikinsa abin da zai sa a kashe shi a fili. Zai saba matsawa kusa, domin buhu ba ya ramawa. Zai saba sauke garkuwa bayan ya kai naushi, domin babu wanda ke jiransa. Zai saba tsayawa ƙafa a dashe, domin buhu ba ya kewaya shi. Atisayen da ya dace da dambe dabam yake. A tsaya daga nesa, inda tafin hannun garkuwa ke taɓa buhun da ƙyar, nauyi a ƙafar baya. A taka, a murɗa ƙugu, naushin ya taso daga ƙasa ya bi ta kwankwaso da kafaɗa, a saki numfashi lokacin da ya sauka, wuyan hannu a miƙe. Nan take a janye, garkuwa ta koma wurinta, a goce gefe kamar ana tsammanin ramuwa. Buhun da kansa yana faɗin gaskiya ga mai lura: idan ya yi ta lilo mai nisa, tura shi aka yi, idan ya lotsa a wurin da aka buga ya yi ƙara guda mai kauri bai yi nisa ba, an yi naushi. Idan kuma yana lilon, kada a riƙe shi, a bi shi da ƙafa a tare shi yana dawowa, don wannan ne ɗan abin da zai iya koyarwa na lokacin kai hari. Sai maganar abin da ake ɗurawa. Yashi zalla yana taruwa a gindi ya daskare kamar dutse, kuma ƙananan ƙasusuwan bayan hannu, musamman na ƙaramin yatsa, ba sa jure haka kullum. Tsummoki da aka danna sosai, da ɗan yashi a ƙulle a tsakiya don nauyi, sun fi. A Kura ma ɓuntun shinkafa, wanda shi ma za a iya ɗurawa, tsibi-tsibi yake a bayan injina.

Dattawan da ke cewa buhu baƙon abu ne da zai lalata gado suna da rabin gaskiya, amma dambe bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Wanda Klapaton ya gani har da riƙe kai a hammata ana duka. An daina ɗaura akayau a ƙafa, an hana cusa abu mai yanka a cikin zare, an shigo da alƙalin wasa da usur, an yi damben da ake cin mota, sannan daga 2017 Dambe Warriors suka kai wasan YouTube ga miliyoyin masu kallo a ƙasashen waje. Buhu bai fi waɗannan baƙunta ba. Masu ɗaya ra'ayin kuma, waɗanda ke cewa tunda naushi ɗaya ke kisa to ƙarfi ne komai, kuma buhu ke ba da ƙarfi, su je su ƙirga wasannin da ake tashi turmi uku babu kisa. Ba rashin ƙarfi ke jawo haka ba, duk wanda ya shiga filin ƙato ne. Kowannensu ya hana ɗayan tazarar da yake so, ya tokare shi da garkuwa, ya sa naushinsa ya wuce a iska ko ya sauka a kafaɗa. Wannan wayon daga mutum ake samunsa, kuma shi ya sa yaron Bunkure da ya yi shekara yana dukan buhun taki, ranar da ya yi niyyar sa zare da gaske, sai ya hau motar Kano ya nemi wanda zai tsaya a bayansa ya koya, a kira shi Shagon wane.