Arkilla: Yawan Jama'a, Jarkar Ruwa da Ɗaurin Icce

A takarda Arkilla tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Wamakko, amma birnin Sakkwato ya daɗe da haɗiye ta. Gonakin gero da ke kewaye da ita sun koma fulotai, fulotan sun koma gidaje, kuma har gobe dillalan filaye ba su huta ba. Shi ya sa unguwar ta dace a gwada wata tsohuwar muhawara a kanta: shin yawan jama'a ne ke jawo talauci da ƙarewar albarkatun ƙasa?

Alƙaluma suna ƙarfafa wa masu wannan ra'ayi gwiwa. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Sakkwato mutum miliyan 3.7, kuma tun daga nan ba a sake ƙidaya ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a jihar tana haihuwar 'ya'ya 7 a matsakaici, alhali a Najeriya baki ɗaya 5.3 ne. A Nuwamban 2022, watan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutanen duniya sun cika biliyan 8, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton cewa 'yan Najeriya miliyan 133 suna fama da talauci ta fuskoki da dama, Sakkwato ce kan gaba da kusan kashi 91 cikin ɗari. Almajiran Thomas Malthus, wanda ya rubuta tun 1798 cewa haihuwa za ta tsere wa abinci, za su ce magana ta ƙare. Dattijon Arkilla kuwa zai amsa da cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Dukkansu biyu sun tsallake tambayar da ta fi ciwo: wa ke kula da abin da ake da shi, kuma wa ke biyan kuɗin sakaci?

A ɗauki ruwa. Da sanyin safiya 'yan garuwa ke jera kurarsu a bakin rijiyar burtsatsen wani mai hali, su cika jarkoki, su tura cikin yashi zuwa gidajen da famfonsu ya daɗe bai ɗiga ba. Mai burtsatse yana da tanki a sama, yana wanke mota. Matar da ke haya a ɗaki ɗaya tana sayen jarka-jarka, ruwan da ta ɗauraye shinkafa da shi ne za ta fara wanke kwanuka da shi. Ita ce ta fi kowa tsimi, ita ce kuma ta fi biyan tsada a kan kowace lita.

Ruwan birnin ya dogara da Gulbin Rima da madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 don ta riƙe kimanin kubik mita miliyan 942. A farkon 2018 ruwanta ya ja baya har ya koma kusan kashi 10 cikin ɗari, saboda ƙarancin damina da kuma laka da yashin da suka taru a cikinta. Shekara takwas kafin nan, a Satumban 2010, wannan gulbin ne ya yi ambaliyar da ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ambaliya da ƙishirwa daga gulbi guda cikin ƙasa da shekara goma ba laifin masu jego ba ne. Magana ce ta yashe madatsa, da gyaran bututu, da wutar da za ta tura ruwa.

Batun makamashi ya fi wuya. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da tsadar da ta biyo baya, gidaje da yawa sun ajiye tukunyar gas sun koma murhu. Icce da gawayi kuwa daga nesa ake kawo su, kuma kowace mota da ta sauke kaya a bakin titi wani daji ne ya rage. A nan yawan tukwane yana da tasiri, ba a musu. Sai dai ƙetaren iyaka, a Maraɗi, akwai abin dubawa. Tun daga 1983 masanin aikin gona Tony Rinaudo da manoman yankin suka soma barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sassabe shi. Jama'ar Maraɗi da Damagaram sun ci gaba da ƙaruwa, amma itatuwa, musamman gawo, sun dawo a kan kusan hekta miliyan 5. Abin da ya sauya shi ne manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ba na malamin daji ba. Wani mai bincike, Michael Mortimore, ya ga makamancin haka a karkarar Kano mai cunkoso.

Wannan bai wanke yawan haihuwa tas ba. Yarinyar da ta kwashe safiyarta a layin ruwa ita ce ke makara a makaranta, wadda ta bar makaranta da wuri ita ce ke aure da wuri, kuma bincike a ƙasashe da dama ya nuna karatun mata yana rage yawan haihuwa. Ke nan talaucin ma yana haifar da yawan, ba yawan kaɗai ke haifar da talaucin ba.

Darasin Maraɗi ma yana da iyaka. Itace yana tsaye a gonar mutum guda, ana iya cewa na wane ne. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba haka yake ba: wanda ke kwance a ƙarƙashin Sakkwato wani ɓangare ne na babban rumbun da Najeriya ke tarayya da Nijar da Mali a kansa, kuma duk wanda ya zurfafa burtsatsensa a Arkilla yana iya ƙafar da rijiyar maƙwabcinsa ba tare da ya taka katangarsa ba. Wannan kam sai hukuma ta san adadin rijiyoyin da aka haƙa a unguwar, da zurfin kowace, kafin ta sa hannu a kan sabon rukunin fulotai.