BAYANI: Yadda iskar gefe ke jawo haɗarin ƙananan jirage masu tayar wutsiya yayin sauka

A duk lokacin da gero da dawa suka fara nuna, manoman Galadi, Shinkafi, Zurmi da Ƙaura Namoda kan shiga fargabar tsuntsayen jan-baki. Ɗaya daga cikin hanyoyin da gwamnati ke bi wajen yaƙar tsuntsayen a jihohin Arewa shi ne feshi ta sama. Akasarin ƙananan jiragen da aka ƙera domin feshin gona, irin su Air Tractor, Thrush da Piper Pawnee, suna da manyan tayoyi biyu a gaba da ƙarama guda a ƙarƙashin wutsiya. Irin waɗannan jirage suna da wani sanannen haɗari da kan auku bayan tayoyinsu sun riga sun taɓa ƙasa, musamman idan iska na bugun su daga gefe.

Asalin ƙirar

Da wannan siffa jirgin sama ya fara zuwa ƙasar Hausa. Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jiragen sojan saman Birtaniya uku samfurin DH.9A suka sauka a Kano daga Masar, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. A wutsiyarsu ba taya ba ce, wani ɗan madogari ne mai jan ƙasa. Filayen saukar wancan zamani fegi ne mai faɗi, don haka matuƙi na iya fuskantar iska ko ta ina ta taso. Da aka koma shimfiɗa titi guda miƙaƙƙe, sai iskar gefe ta zama matsalar yau da kullum.

Daga baya kamfanoni suka mayar da taya ta uku zuwa hancin jirgi, kamar yadda aka yi wa Cessna 172 da ya fito a 1956. Duk da haka ba a daina ƙera mai tayar wutsiya ba, saboda farfelarsa na nesa da ƙasa, kuma ya fi jure filin turɓaya da tsakuwa.

Yadda haɗarin ke faruwa

Tushen matsalar shi ne inda nauyi ya taru. A jirgi mai tayar hanci, cibiyar nauyi tana gaban manyan tayoyi, saboda haka idan ya ɗan karkace a ƙasa, nauyin kan miƙar da shi. A mai tayar wutsiya kuwa cibiyar nauyin tana bayan tayoyin. Da zarar hanci ya kauce kaɗan, sai nauyin baya ya nemi wuce gaba, kamar motar a-kori-kura da aka labta wa kaya can ƙarshen bodi ta sha kwana da gudu.

Iskar gefe ce kan fara kawo wannan karkacewa. Takan bugi faffaɗar wutsiyar jirgin, sai hanci ya juya ya fuskanci inda take fitowa. A daidai lokacin gudun jirgin na raguwa, allon wutsiya da matuƙi ke sarrafawa da ƙafafunsa yana rasa ƙarfi. Idan bai gyara nan take ba, jirgin kan yi juyin katantanwa: fiffike ya goge ƙasa, ƙafar taya ta karye, farfela ta sari ƙasa. Idan kuma ya danna birki da ƙarfi cikin firgici, jirgin na iya kifewa ta hanci. Ba kasafai ake rasa rai ba domin gudun ya ragu, amma jirgin da ya kife ɗauke da fetur da ragowar maganin feshi barazana ce ga matuƙi da duk wanda ya rugo kallo.

Lissafin iska

Ƙarfin iskar gefe ya dogara da kusurwar da ke tsakaninta da titin sauka. Idan iska mai gudun kilomita 37 a awa ta zo da kusurwar digiri 30, rabinta ne ke bugun jirgi daga gefe. A digiri 45, kusan kashi 70 cikin 100 ne, a digiri 90 kuwa dukanta. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ba da shawarar a shimfiɗa titin jirgi ta yadda za a iya amfani da shi aƙalla kashi 95 cikin 100 na lokaci, kuma ga ƙananan jirage ta ɗauki kilomita 19 a awa a matsayin ma'aunin iskar gefe wajen tsara fili.

Shi ya sa babban titin filin jirgin Malam Aminu Kano ke ɗauke da lamba 06/24, wato ya miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina kuma daga kudu maso yamma. Wadda ba ta bin wannan tsari ita ce iskar hadari, mai tasowa farat ɗaya, galibi daga gabas, a farkon damina da ƙarshenta, sai kuma guguwar bazara. Ƙarshen damina shi ne lokacin da jan-baki ke far wa hatsi, kuma da magariba ake yi musu feshi idan sun koma makwanci. Ke nan matuƙi na iya dawowa sauka cikin ƙarancin haske, a lokacin da iska ta fi saurin sauyawa.

Matakan kariya

Ƙa'idar da ake koya wa matuƙa ita ce a sunkuyar da fiffiken da ke ɓangaren iska, a miƙar da hanci da ƙafa, a fara ɗora tayar wannan ɓangare, sannan a ci gaba da sarrafa jirgin har sai ya tsaya cak. Idan saukar ba ta daidaita ba, a ƙara wuta a tashi a sake zagayowa. A Amurka, tun daga Afrilun 1991 doka ta wajabta wa sabon matuƙin irin wannan jirgi samun horo na musamman da sa hannun malami, ciki har da saukar iskar gefe.

A Najeriya, hukumar NCAA ce ke ba matuƙa lasisi, NiMet ke ba da rahoton yanayi, NSIB ke binciken haɗurra, yayin da Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ke horar da matuƙa. Sai dai a ƙaramin filin karkara, inda babu ma'aikacin yanayi, abin da matuƙi zai dogara da shi bai wuce jakar yadin da ake ratayewa a sanda domin nuna alƙiblar iska ba. Kafin a ba da kwangilar feshi, abubuwa uku ne ya kamata hukumomi su tantance: ina titin saukar ya fuskanta, ko akwai wannan jaka a filin, da kuma awowin da matuƙin ya yi a kan jirgi mai tayar wutsiya.