Silosaibin da MDMA a Jinyar Ciwon Damuwa da Firgici: Matsalar Ɓoye Magani a Gwajin Asibiti

Tsakure

Maƙalar ta duba manyan gwaje-gwajen da aka yi daga 2021 zuwa 2023 kan silosaibin da MDMA a jinyar ciwon damuwa mai tsanani da firgicin da ke biyo bayan tashin hankali. Ta nuna cewa majiyyata sun samu sauƙi na haƙiƙa, amma tsarin gwajin bai iya bambance aikin ƙwaya da aikin sa rai ba.

Gabatarwa

Albert Hofmann ne ya haɗa LSD a Basel ta Suwizalan a 1938, ya kuma tace silosaibin daga wani naman kaza na Meziko a 1958. A wancan zamani likitoci irin su Humphry Osmond a Kanada sun gwada LSD kan mashaya giya. Dokar Amurka ta 1970 da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 suka sa binciken ya kusa mutuwa, har zuwa lokacin da Roland Griffiths na Jami'ar Johns Hopkins ya wallafa aikinsa a 2006.

Kada a ɗauka silosaibin da MDMA ɗaya suke da zakami da aka sani a ƙasar Hausa. Zakami yana toshe aikin sinadarin asetilkolin, ya jefa mutum cikin ruɗu mai haɗari. Silosaibin kuwa yana kama makarɓin sirotonin mai suna 5-HT2A, MDMA kuma yana sa ƙwaƙwalwa ta saki sirotonin mai yawa. A gwaji ana ba da su sau ɗaya zuwa uku kawai, masu jinya na zaune da majiyyaci na tsawon awa shida zuwa takwas.

Abin da gwaje-gwajen suka nuna

A 2021 Robin Carhart-Harris da abokan aikinsa a Kwalejin Imperial ta Landan sun kwatanta silosaibin da maganin esitalofram kan mutum 59, ba su kuma sami bambanci mai ƙarfi a babban ma'aunin da suka zaɓa ba. A 2022 mujallar New England Journal of Medicine ta buga gwajin kamfanin COMPASS Pathways kan mutum 233 waɗanda magungunan damuwa na yau da kullum suka gaza yi wa aiki. Bayan mako uku, ciwon ya lafa ga kashi 29 cikin 100 na waɗanda suka sha miligiram 25 na silosaibin, da kashi 8 na waɗanda suka sha miligiram 1. Zuwa mako na 12 tazarar ta ragu, an kuma samu masu tunanin kashe kai a cikin mahalarta.

Alƙaluman MDMA sun fi ɗaukar hankali. A gwajin Jennifer Mitchell na 2021 kan mutum 90, kashi 67 na waɗanda suka sha maganin sun fita daga rukunin masu ciwon firgici, a kan kashi 32 na waɗanda aka ba ƙwayar wofi. Gwaji na biyu a 2023 ya ba da kashi 71 da kashi 48. Ostireliya ta yarda wasu likitocin ƙwaƙwalwa su fara rubuta magungunan biyu daga 1 ga Yulin 2023. Hukumar FDA ta Amurka kuwa ta ƙi amincewa da MDMA a Agustan 2024, bayan kwamitin masu ba ta shawara ya ƙi yarda da hujjar ingancinsa da ƙuri'a 9 a kan 2.

Inda gizo ke saƙa

Ƙa'idar gwajin magani ita ce kada majiyyaci ya san abin da aka ba shi. A nan ƙa'idar ba ta tsayawa. Wanda bangon ɗaki ya fara motsi a idonsa ya san ba ƙwayar wofi ya haɗiya ba. A gwajin MDMA na biyu, fiye da kashi 90 na waɗanda suka sha maganin sun gane shi, kusan kashi 75 na ɗaya rukunin kuma sun gane an ba su wofi. Illar tana da fuska biyu: wanda ya gane ya sha maganin ya cika da fata, wanda ya gane an ba shi wofi kuwa, wanda ya sha wahalar shekaru ya zo da burin warkewa, yakan karaya. Dukkansu suna faɗaɗa tazarar da ake jinginawa ga magani, tunda ma'aunin damuwa ya dogara ne da abin da majiyyaci ya faɗa da bakinsa.

Wani gwaji na Jami'ar Stanford da aka wallafa a 2023 ya nuna girman lamarin. An ba masu damuwa 40 ketamin ko ruwan gishiri yayin da suke cikin barcin tiyata, ta yadda ba wanda ya san rabonsa. Rukunin biyu sun samu sauƙi sosai, ba tare da bambanci a tsakaninsu ba. Gwajin ƙarami ne, ketamin ma hanyar aikinsa daban, amma ya isa ya sa mai nazari taka-tsantsan.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne rashin ɓoyewa bai rushe sakamakon ba, ya dai hana a san girmansa. Mai ciwon da ya gagari magani biyu ko uku ya cancanci a ba shi amsa tabbatacciya, don haka ya kamata gwaje-gwajen gaba su auna yadda kowane mahalarci ya sa rai tun kafin a ba shi ƙwaya, su kwatanta awo daban-daban na maganin maimakon ƙwayar wofi, su kuma bi majiyyata aƙalla shekara guda. Haka nan a daina cakuɗa magani da zaman tattaunawa a ma'auni ɗaya, domin hukumar da za ta ba da lasisi ƙwaya take tantancewa, alhali yawancin kuɗin jinyar na tafiya ne wajen biyan ƙwararrun da za su zauna da majiyyaci wuni guda.